Tsutsa a Lambun Bayan Sansani

Gatari na shiga gindin dabinon, wari ya bugi Kaltuma, irin na kunun da ya kwana uku a rufe. Cikin itacen ya zama dusa, tsutsotsi farare masu kauri kamar babban yatsa suna mutsu-mutsu. Ta toshe hanci da mayafi. Wannan ne dabino na arba'in da ƙwaron ya cinye.

Lambun gadon mahaifinsu ne, ita da ƙanenta Ubaidullah, a bayan garin Madina, jingine da shingen waya na wani sansanin soja. Shekara uku da suka wuce hukuma ta tara masu gonakin wurin aka yi yarjejeniya: ba gini, ba yanka filaye, hukuma kuma za ta riƙa ba su ruwa. Sojoji ba sa son benaye su leƙa musu gida, Kaltuma ba ta son siminti a inda babanta ya ƙarar da ƙarfinsa. Sai dai akwai sharaɗi guda. In rabin itatuwan suka mutu, yarjejeniya ta warware, magada su sayar in sun so.

Ranar sa hannu Ubaidullah ya sa aka karanta masa wannan sharaɗin sau biyu, ya yi kuka har da majina. Shi mutum ne mai arhar hawaye. Bayan wata biyu ya taso daga Yanbu, inda yake aiki, da dashen dabino ashirin a bayan mota, an lulluɓe su da tamfol.

"Sadaka ce ga Baba, Yaya," ya ce. "A raba su tsakanin manyan, su sha inuwa."

Da ɓarna ta fara, Kaltuma ba ta yi dogon tunani ba. Akwai maƙwabcinsu Mahmudu, dillalin filaye, wanda ya ƙi sa hannu, kullum yana auna lambun da ido kamar mahauci a gaban rago. Ta ɗora masa laifin ƙwaron, ta tsane shi tsana mai tsanani. Ta kai ƙararsa kwamitin masu gonaki, ta daina amsa sallamar matarsa. Ubaidullah ya taya ta zaginsa a waya.

Yau jami'in gona ya zo da leburori su sare waɗanda suka kamu su ƙone. Ya ƙirga, ya ce saura itace shida a kai rabi. Ubaidullah na tsaye can nesa, wai warin na tayar masa da asma.

"Allah ya isa tsakaninmu da Mahmudu, Yaya," ya ce.

Wani dattijon lebura, ɗan Chadi mai suna Ɗan'inna, ya ji Hausa ya ɗago kai. Ya ajiye gatari, ya nufo Ubaidullah da fara'a, hannu a miƙe.

"Alhaji, ba ka gane ni ba? Gonar nan da hukuma ta rufe saboda ƙwaro, ni ne mai gadi a lokacin." Ya dubi ƙananan dabinon da ke jere tsakanin manyan, fara'ar ta gushe. "Ashe nan ka kawo su. Ka ce min na ɗakin gwaji ne, shi ya sa na zaɓo maka waɗanda suka fi tsutsa."