Shirun da Fumie Take Roƙo

"Sau arba'in a awa ɗaya numfashin ɗanki yake tsayawa in yana barci," in ji likita, yana nuna wa Fumie layukan da ke allo. "In ya haura talatin, mai tsanani muke ce masa. Irin wannan, zuciya yake ci."

Shinji ya yi dariyar yaƙe. "Mama, minshari ne kawai. Gadon Baba ne."

Gado kam. Shekara talatin mijinta Tadao yana girgiza bangon gidansu, ita kuwa duk sabuwar shekara sai ta ɗauki kwalin alewa ta zaga maƙwabta, tana sunkuyawa tana ba da haƙuri. In ya yi gyangyaɗi a ofis ma yabonsa ake yi, wai aiki ne ya cinye shi. Bara zuciyarsa ta tsaya yana barci.

"Likita, to nan da layin ya kwanta fa? Nan ne yaron yake hutawa ko?"

"A'a, Mama, nan ne yake shaƙewa. Ba ƙarar ce abin tsoro ba, shirun ne. In an ji shiru, a girgiza shi."

Fumie ta damƙe jakarta. Duk shekarun nan, sai Tadao ya yi shiru take samun runtsawa, tana roƙon shirun ya daɗe. Daren da ya rasu har cewa ta yi a ranta, yau kam mutumin ya tausaya mata.

Ba ta taɓa barci mai daɗin na ranar ba.