Shaidar Mota Ta Sha Bakwai

Ranar uku ga watan Rajab, Malam Mikail ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya rubuta: "Mota ta sha bakwai. Direba, Nata'ala. Rana ta farko."

Malam shi ne magatakardan ƙungiyar direbobin da ke jigilar 'yan Kasuwar Kurmi da kayansu zuwa garuruwa. Tun da aka wajabta sa wa motocinsu na'urar taƙaita gudu da wani ɗan baƙin akwati mai bibiyar tafiya, duk Asabar ake aiko masa da takarda daga ofis. Takardar ba ta faɗin inda mota ta je. Lokacin tashi take nunawa, da lokacin tsayawa, da iyakar gudun da aka yi. Direbobi sun san kanikawan da ke kwance na'urar taƙaita gudun, amma akwatin ba ya rufa wa kowa asiri.

Nata'ala na neman auren Yagana, autar Malam. Yagana na so, mahaifiyarta Hajiya Falmata na so, dangi ma sun yi bincike sun dawo da yabo. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Malam a rai: a tasha Guguwa ake ce wa saurayin. Malam kuwa da idonsa ya ga ƙanwarsa ta shiga takaba tana da shekara ashirin da biyu, saboda mijin da ya so ya riga kowa isa Zariya. Don haka ya yanke hukunci cewa ba bakin mutane zai saurara ba, akwati zai saurara, har kwana arba'in. In gudun motar ya haura tamanin ko da sau ɗaya ne, maganar aure ta mutu.

Hajiya Falmata ba ta yi musu ba. Ta dai ce tunda hidima na tafe, gara a kai tsohon babur ɗinsa wurin Salisu bakanike a Jakara a duba lafiyarsa. Ita da kanta ta sa aka kai.

Takardar farko ta nuna talatin da biyar. Malam ya goge tabarau ya sake dubawa. Ta biyu ta nuna talatin da huɗu. Kullum motar kan tashi ƙarfe bakwai da minti arba'in, ba ƙari ba ragi, ta tsaya bayan la'asar, ranar Juma'a kuwa tun kafin sha biyu. Malam, wanda ya daɗe yana kukan cewa masu kiyaye lokaci sun ƙare a duniya, ya kira Nata'ala ya tambaye shi yadda ake isa Daura a dawo da irin wannan tafiya.

Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Baba, komai da ikon Allah."

Malam ya rubuta amsar a gefen shafi, a matsayin alamar ladabi.

A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da Malam kwana uku. Da takarda ta zo, sai ya ga a waɗannan kwanakin motar ko motsi ba ta yi ba. Hajiya ta ce ai yaron ba zai iya fita neman abinci surukinsa na kwance ba. Malam ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan bayani.

Sau ɗaya kawai aka samu tangarɗa. Ranar Laraba ta mako na biyar, ranar da Malam ba zai manta ba domin saura ƙiris ya rasa ɗaurin auren ɗan amininsa a Ƙofar Na'isa, akwatin ya nuna hamsin da biyu. Ba a karya sharaɗi ba, amma ransa ya ɓaci. Ya zaunar da Nata'ala a zaure ya yi masa wa'azin rabin awa kan illar gaggawa. Saurayin ya karɓi laifi ba tare da ya tambayi ko wace rana ake nufi ba. Daga ranar, kowace safiya sai Hajiya ta rako Malam har bakin ƙofa tana roƙonsa ya tafi a hankali, kulawar da bai taɓa gani ba cikin shekara talatin na zamansu.

Da kwana arba'in suka cika, Malam ya karanta wa manyan dangi littafin shafi bayan shafi. Ya ce shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa ganin direba mai natsuwa da tsari irin wannan ba. Aka ɗaura aure kafin azumi.

Bayan mako guda aka shirya zuwa Maiduguri gaida dangi. Malam ya dage sai a mota ta sha bakwai, kuma shi a kujerar gaba. Babur kuwa ya bar wa Salisu, domin kwanan nan batir ba ya jimawa.

Suna barin gari allurar gudu ta fara hawa. Sittin, saba'in da biyar, casa'in. Bishiyoyi suka riƙa wucewa kamar ana jifa da su. Malam ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ya ƙudura a ransa cewa allurar ce ta lalace, tunda akwati ba ya ƙarya. A baya Hajiya na jan carbi, idonta na kan taga.

Wayarsa ta yi ƙara. Salisu ne.

"Baba Malam, batirinka lafiya lau yake. Akwatin nan mai lamba sha bakwai da Hajiya ta sa na mayar ƙarƙashin kujerar babur ɗinka, shi ke shanye wutar. Tunda an ɗaura, in cire shi?"