Sunan Ɗan Fari

Bayan zazzaɓin da ya kama shi ya sauka, jinin Shu'aibu ya juyo yana yaƙar ƙwaƙwalwarsa. Sabuwar doka kuwa ta ce na'urar asibiti ba ta sakin maganin sai uwa ta faɗi sunan majinyaci da bakinta.

"Ɗan farina ne fa!" Inna Tabawa ta daka wa ma'aikacin asibitin tsawa. "Ban taɓa kiran sunansa ba. Ku ba ku da iyaye ne?"

"Inna, ba ruwana. Ga layi bayanki."

Ta dubi ɗanta, miyau na ɗiga a rigarsa. Ta cije leɓe.

"Shu'aibu."

Na'urar ta buɗe. Shi kuwa ya ɗago kai a hankali.

"Baiwar Allah, wace ce ke? Innata ba ta kirana haka."