Jan Layin Jirgin Kaka

Ina yarinya ban san wani jirgin ƙasa ba sai na Kaka. Ɗan kan jirgi ne na ƙarfe, bai fi tsawon takalmi ba, ya zo da shi garinmu Bande tun zamanin da yake zuba wa manyan jirage gawayi a Kano.

Wata Laraba na taso daga lakwal, makarantar boko, na tarar da shi a zaure yana gyaransa. Ya yi masa sabon bututun hayaƙi da guntun famfon keke, ya ɗaura masa sandunan riƙewa da wayar tsohuwar rediyo. Zauren duk warin fenti da kananzir. Saura jan layin gefen jirgin, ya ja shi da gashin kaza, hancinsa kamar zai taɓa ƙarfen.

An daɗe ana raɗa a gida cewa idonsa ya fara tafiya, shi kuwa yana musantawa.

"Amarya, duba wa mijinki. Ya miƙe?"

Layin ya karkace, ya gangara ƙasa. Na sunkuyar da kai.

"Kaka, ya sauka kan ƙafafun jirgin."

Ya daɗe yana shafa ƙarfen, ja ya ɓata masa yatsu. Sannan ya miƙo gashin kazar, ba daidai inda nake ba.

"Ja na ɗaya gefen. Kada ki faɗa wa uwarki tukuna."

Na ja, ya miƙe sarai.

Jirgin yana ɗakina yanzu, kuma har yau gefen da na ja ne ke kallon bango.