Amsar Malam Bawa

Fistin huɗu na injin mota Mas'udu ya sayo a Gusau, mafi girman da ke shagon, ya naɗe su cikin tsohon rawani kamar ƙwai. Bulok ɗin injin kuwa tuni masu baro suka kai shi gidan Malam Bawa a Bungudu. Abin da ya rage, a faɗaɗa ramukan bulok ɗin har fistin ɗin su shiga, a ɗaura turbo, motar hayarsa ta zama ba mai shan gabanta tsakanin Gusau da Tsafe.

Direbobi sun san aikin Malam Bawa. Tun da girma ya kama shi ya kwashe injinansa na sassaƙar ƙarfe daga bakin titi ya mayar can ƙuryar gida, ya daina fitowa. A zaure ake ajiye aiki, a zaure ake ɗauka. Ga Mas'udu abin ya fi haka nisa, don Hanatu, 'yar Malam Bawa, yake nema, har an sa rana bayan girbi. Mai neman 'yar mutum ba ya tsayawa gaban uban yana ciniki, balle musu. Duk saƙonsa ta bakin Hanatu yake bi.

Da la'asar ya isa zauren, ya aika a ce ya iso. Ƙarar injin da ke tashi daga cikin gida ta tsaya, jim kaɗan Hanatu ta fito, hannuwanta baƙi ƙirin da lalle. Ta juya fistin ɗaya a tafinta, ta tambaye shi wace irin turbo ya saya. Sannan ta shiga, ba ta daɗe ba ta dawo da amsa. An ce waɗannan sun yi girma. Turbo da ƙarfi take cusa iska, in aka cinye ƙarfen da ke tsakanin rami da rami bangon zai yi siriri, ranar da injin ya ɗau zafi ya tsage. Kaɗan za a ƙara, iya abin da zai share ƙarzuwar da ke ciki. An ce ya mayar da waɗannan, ya karɓo ƙanana.

Mas'udu ya yi dariya, ya ce tsofaffi da tsoro. Hanatu ba ta taya shi ba.

A tasha labarin ya riga shi isa. Hamza, abokinsa, ya ce tun ba a ɗaura aure ba suruki ya sa masa linzami, nan gaba har giyar da zai sa sai ya aika Bungudu a tambayo. Wani ya ce akwai wani makaniki, Tambaya, a Tsafe, in ka ce ya faɗaɗa rami har kanka ya shiga, zai yi. Mas'udu ya yi kamar bai ji ba, amma ranar bai iya cin tuwo ba.

Ya koma wurin Hanatu, ya kwantar da murya. Ya ce ta tuna wa Baba irin hanyar da yake bi. Akwai dajin da ba mai son ya daɗe a ciki, gudu ne kaɗai ke fid da mutum. Wannan karon ko tashi ba ta yi ba. Ta ce ai an riga an yi wannan maganar a ciki: motar da ta fi kowa gudu ta mace a tsakiyar wannan dajin, wa zai tsaya ya ɗauke shi?

Ya aika da goro, aka karɓa, aka ce a'a. Ya aika cewa in injin ya fashe ba zai zargi kowa ba, aka ce ba zargi ake gudu ba.

Ranar Juma'a haƙurinsa ya ƙare. Ya ce ta faɗa wa mahaifinta, gidan da aka raina shi kan ƙarfensa da ya saya da guminsa, bai ga yadda za a mutunta shi a matsayin suruki ba. Ko dai a yi yadda ya ce, ko ya kwashe bulok ɗinsa zuwa Tsafe, kuma in ya fita da shi ƙafarsa ba za ta sake taka zauren nan ba.

Hanatu ta gyara mayafinta.

"Kana iya fasawa, Mas'udu," in ji ta. "Gara in ji kana Tsafe da wata, da in ji an tsinto motarka babu kai."

Ta shige ciki.

Washegari ya zo da hantsi, da rawanin fistin a hammata. Bai aika kowa ba. Ya san abin da zai yi ba a yi, ya san in dangi suka ji ya kutsa gidan suruki don musu, maganar aure ta mutu ko bai fasa ba. Duk da haka ya ratsa zaure, ya bi ƙarar injin har rumfar da ke ƙuryar gida, ya yi sallama da ƙarfi.

Malam Bawa na zaune kan buzu a bakin rumfar. Ya amsa sallamar, ya juya fuskarsa wajen bango yana tambaya ko wane ne, idanunsa fari fat da yana. A cikin rumfar, Hanatu ta kashe injin, ta goge hannu a tsumma, ta dafa bulok ɗin Mas'udu da ke ɗaure a gabanta.

"Wurin mai aikin ka zo?" in ji ta. "To ga ni, kuma ko kaurin gashi ba zan ƙara ba."