Kejin Gambo Mai Walda

Ranar da iskar farkon damina ta kwantar da turakun wuta huɗu a hanyar Safana, Gambo mai walda bai tsaya neman kwanon rufinsa da ya tashi ba. Taransifoma ya nufa a guje. Kowa a unguwarsu ta gefen Batsari ya san taransifomar da ba wuta a jikinta ɓarayi ke so: su tsiyaye manta, su zare wayar tagulla, su bar wa jama'a gwangwani.

Shi kuwa Gambo, in ba wuta ba walda. Matarsa Naja'atu ta sanar da shi, cikin ladabi, cewa yayanta ya samo masa gadin wani shago a Katsina. In kaka ta yi wuta ba ta dawo ba, a sayar da inji a tattara a tafi.

Gambo ya yarda zai yi gadi, amma ba na shago ba.

Ya aro janareta ya ƙera wa taransifomar keji, ya shafe shi da koren fenti. Ya sa aka sare rassan darbejiyar da ke kanta, aka haƙa wa ruwa hanya. Maza ya raba musu usur, mata ya ce faranti da ludayi sun isa. Dokarsa ɗaya ce, ba a sauraron ɓarawo.

"Ɓarawon yanzu baki gare shi," in ji shi, yana gyara hula. "Ka bari ya gama sallama, kai da kanka za ka riƙe masa tsani."

Sati uku aka yi, sai ga mutum biyu a babur da tsakar rana, cikin kaftani, da tsani a kafaɗa. Usur ya tashi, faranti ya amsa. Ko sauka ba su yi ba. Gambo ya jinjina rashin kunyar ɓarawon da ko duhu ba ya jira.

Karo na biyu su huɗu ne, da nannaɗaɗɗiyar waya. Liman ya ce Allah kaɗai ya san garin da aka raba da ita. Aka raka su da jifan hoge har bakin gada.

A na uku wani dogo ya ɗaga takarda sama yana ta magana. Larai mai ƙosai ta matso da farantinta daidai kunnensa. Ba wanda ya ji ko kalma. Takardar ta faɗa taɓo, mai ita ya bar takalmi ɗaya.

Sauran unguwanni suka riƙa samun wuta ɗaya bayan ɗaya. Gero ya fitar da kai. Naja'atu ta fara wanke tukwanen da ba a girki da su tana jerawa a buhu.

Ranar kasuwa Gambo ya sa babbar riga ya tafi ofishin wuta. Aka nuna masa Injiniya Nurain zaune bayan tebur. Bayan doguwar gaisuwa Gambo ya zayyana komai: keji, darbejiya, hari uku ba a ɗauki ko ƙusa ba. Wata uku suna tsaron kayan hukuma, ya ce, hukuma ko leƙowa.

Injiniyan ya tambayi unguwar. Gambo ya ce mai koren keji.

Nurain ya ajiye biro a hankali. Ya ja kujerarsa baya, ya dubi hannuwan Gambo, sannan ya dubi ƙofa.

"Malam, tun da 'yan bindiga suka fara ɗaukar mutane a hanya muka daina sa rigar aiki, muka ajiye motar ofis. Sau uku muna zuwa haɗa muku wuta, kuma ni ne mai takardar."