Kilo Huɗu a Hannun Mahauci

Wani mahauci yana neman naira dubu talatin kafin yammacin Alhamis, lokacin da za a rufe rajistar jarrabawar gama sakandare ta 'yarsa Auta. Kasuwa ta yi sanyi. Abin sayarwa a gidan kuwa bai wuce ƙaton kejin waya da ke jingine a bayan ɗaki tun da akunsa ya mutu ba.

Maƙwabcinsa mai kiwon tantabaru ya taya dubu talatin cif, kuɗi hannu, kuma shi zai ɗauki abinsa. Mahaucin ya ce albarka. Ya sa Auta ta ɗauki hoton kejin ta ɗora a shafin sayar da tsofaffin kaya na intanet. Kwana biyu sai ga mai saye daga wani gari mai nisa, ya ce zai biya dubu arba'in in kuɗin aikawa yana kan mai kaya.

"Maigida, ka fara zuwa wurin masu aika kayan ka ji nawa za su karɓa," in ji matarsa.

"Shekara talatin ina awo, ni za a gaya wa nauyi?"

Ya ɗaga kejin da hannu ɗaya, ya jinjina shi kamar cinyar rago. "Kilo huɗu. Sun ce dubu ɗaya kowane kilo. Auta, rubuta masa na yarda."

A nan dai hannunsa bai yi ƙarya ba, kilo huɗu ne.

Kuɗin bai shigo ba sai safiyar Alhamis. Ya haɗa kwalaye biyu ya rufe kejin, ya cusa tsummoki ta ko'ina don kada waya ta lanƙwashe, ya ɗora a mota zuwa ofishin aika kaya. Ma'aikaciyar da ke kan kanta ta ɗora kwalin a sikeli, ta duba, ta sauke. Sai ta zaro tef ta auna tsawo da faɗi da tsayi, ta danna na'urarta.

"Baba, dubu ashirin da biyar."

"Ke yarinya, sake duba sikelin nan!"

"Sikeli lafiyarsa lau, Baba. Amma kaya in ya yi girma ba ya da nauyi, wurin da zai ci a mota muke lissafawa. Wannan zai tare wurin kwali shida. Ga shi nan ma a rubuce a bango."

A rubuce yake kuwa, da manyan baƙaƙe, inda duk wanda ya leƙo zai gani.

Ya fita waje ya kira maƙwabcinsa. Mai tantabaru ya ce ai tun shekaranjiya ya sa maƙeri ya haɗa masa wani. Ya kira mai saye ya roƙe shi su raba kuɗin aikawa, mutumin ya ce ko a aiko masa kayansa ko a mayar masa da kuɗinsa yau. In ya mayar, ya tashi a tutar babu. In ya aika, dubu goma sha biyar za su rage. Ya koma ciki ya biya.

Ya zaga wurin abokan sana'a uku neman rance, kowa da nasa kukan. Ƙarfe huɗu, lokacin rufe rajistar, ta yi masa a hanya.

Da ya iso gida ya tarar da Auta zaune a ƙofar ɗaki cikin kayan makaranta, takalmi a ƙafa, tun hantsi take jira. Ta miƙe da sauri.

"Baba, mu tafi?"

Ya kasa haɗa ido da ita, kunya ta rufe shi. "Je ki cire kayan," ya ce. "Sai baɗi."

Jama'a, kafin ku yanka wa kaya farashi a intanet, ku naɗe shi yadda zai tafi, ku kai a auna nauyinsa da girmansa, ku ji kuɗin daga bakin masu ɗauka. Gwaninta a sana'arka ba ta sa ka san ta wani.